Malfar Lensi a Hannun Gwani

A cikin kayan mai ɗaukar hoto babu wanda ke shan wuya kamar malfar lensi, baƙin bututun nan da ake maƙalawa a bakin gilashi, wanda 'yan sana'ar ke kira hud. Ita ce a gaba, don haka ita ke fara cin karo da bango, da ƙofar mota, da gwiwar hannun maƙwabci a cikin turmutsitsi. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin masu hoto a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san yadda ake ƙarewa. Dawakai sun sako a guje, dogarai na kora jama'a, kowa ya ja da baya lokaci guda, dogon lensin da ke rataye a kafaɗa ya bugi ƙarfen shinge. Sai ka ji ƙas. In an yi sa'a, malfar ce kawai ta tafi.

Da yawa daga nan sai su jefa ta cikin jaka su ci gaba da aiki da lensi tsirara, a ganinsu ai kwalliya ce. Hotunansu ke tona musu asiri. Canon 70-200mm f/2.8 na biyu, wanda ya fito a 2010 kuma har yau yana hannun masu hoton biki da na filin wasa, gilasai 23 ne jere a cikinsa. Gilashin da ba a shafa wa komai ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kowace fuskarsa. Tun 1935, lokacin da Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya samo dabarar shafe gilashi da wani siririn sinadari, ake ta rage wannan asara, amma ba a kawar da ita duka ba. Idan ranar la'asar ta bugo daga gefe ta leƙa bakin lensi, haske ya dinga kai-komo tsakanin gilasan nan, sai hoto ya fito a dushe: baƙin doki ya koma toka-toka, jan rawanin dogari ya koɗe. Malfa ce ke tare hasken da ba ya cikin hoton. Bayan haka tana da wani aikin da ba a faɗa, ita ce ke karyewa a madadin abin da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Saboda wannan aiki na biyu nake sara wa gwanin gyaranta. Liƙa roba da roba ba wani abu ba ne, yaron shago ma zai yi. Abin da ke gaban gwani shi ne ya mayar da malfar ta kama lensi gam, amma kada ta fi lensin ƙarfi, domin in an sake faɗuwa ita ake so ta sake karyewa.

Ka miƙa masa karyayyar malfa, ba zai ko juya ta ba tukuna. "Yallaɓai, lensin fa? Shi zan fara gani." Bugun da ya fasa roba mai wannan kauri ya isa ya taɓa abin da ke bayanta. Zai bi zoben bakin lensin da farce yana neman inda ya lotsa ko ya ɓalle. Zai murɗa zum a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana jin ko akwai inda ya cije. Sannan ya manna shafin jarida a bango, ya tsaya daidai saitinsa, ya buɗe ƙofar haske gaba ɗaya ya ɗauka, ya kwatanta rubutun kusurwoyin nan huɗu. In ɗaya ta fi sauran dishi-dishi, wani gilashi ya goce daga mazauninsa ke nan, maganar malfa kuma sai a jingine ta.

Wani lokaci malfar ba faɗuwa ta yi ba, maƙalewa ta yi a karkace, haƙoranta sun tsallake hanyarsu. A nan ne mai ita ke yin ɓarnar da ta fi ta faɗuwar, ya damƙi bakinta ya murɗa da ƙarfin tsiya. Matse baki yana sa gindin ya tashi daga zagaye ya ƙara cijewa, ƙarfin murɗar kuma kai tsaye yake wucewa cikin bututun zum. Gwani a gindi yake kamawa, yatsu a baje ko'ina, yana lallaɓawa. In ta ƙi, ya rufe gilashi da marfinsa, ya naɗe jikin lensin da tsumma, ya ɗauko ƙaramin zarto ya tsaga malfar gida biyu ko a jikinsa. Ba da shi za a rasa ido garin gyaran gira ba.

To, a ce lensi lafiyarsa lau. Sai kuma a san da me aka yi malfar, domin a ido duk baƙar roba ce, a hannun mai gyara kuwa kowace da halinta. Yawancin na ƙanana da matsakaitan lensi ABS ne ko folikabonet, wani lokaci ma za ka ga an buga sunan da ƙananan haruffa a ciki kusa da gindi. In babu, sai ya tsoma tsinke a asiton, sinadarin nan da ke cikin ruwan goge jan farce, ya ɗan taɓa wani lungu da ba ya ɗaukar nauyi. ABS nan take zai yi laushi ya yi danƙo. Wannan ya zo da sauƙi, domin ana haɗa shi ba tare da gam ba. A shafa asiton a leɓɓan tsagar a matse, robar ta narke ta koma jiki ɗaya. In akwai gurbi, a kankare ɓurɓushin wata tsohuwar roba irinta a jiƙa shi har ya yi kauri, a cike. Folikabonet kuwa ba ya ga maciji da asiton, fari yake yi, ya cika da ƙananan tsage-tsagen da sai bayan kwanaki za su nuna kansu. Shi ya sa wanda ya iya dabara ɗaya tak yakan gyara malfar wannan ya kashe ta wancan, ya rasa dalili.

Tsaga kuma tafiya take yi. Ka liƙe ta yau, kanta na nan yana jiran matsi na gaba ya ƙara gaba. Kafin a zo maganar gam, gwani zai haska tocila ta bayan robar ya nemo inda tsagar ta ƙare da gaske, wanda sau da yawa ya wuce inda ido ya tsaya, ya huda ɗan rami kamar na milimita ɗaya a daidai wurin. Ramin yana watsa nauyin da ke taruwa a tsinin tsagar, sai ta tsaya cik. Masu gyaran jikin jirgin sama ma suna yi wa fallen ƙarfe haka. Daga nan ya bi tsagar ta waje da magagari ya yi mata ɗan kwari, ya cuɗe gefe da gefe da samfefa don gam ya sami abin kamawa, ya goge maiƙon hannu da sifirit.

Sufa gulu shi ne abin da hannun kowa ke fara kaiwa gare shi, kuma shi ne gwani ya fi tsoro a kusa da gilashi. Yana fitar da tururin da ido ba ya gani, tururin ya sauka duk inda akwai danshi ko maiƙo ya daskare ya zama farin ɓurɓushi. Da shi ne ma masu binciken laifi ke fito da zanen yatsa. Ka liƙa malfa da safe, ka mayar da ita kan lensi ka zuge jaka, da yamma ka tarar da zanen babban yatsanka fari fat a kan gilashin gaba. Ga shi in ya bushe ƙeƙasasshe ne, ba ya lanƙwasa, malfa kuwa kullum cikin matsi take. In dole ta sa gwani ya ɗiga shi a wani ɗan ɓalle, to lensi na can wani ɗaki, malfar kuma a sarari za ta kwana tana shan iska.

Abin da ya fi yarda da shi gam ɗin nan ne mai tiyub biyu da ake kwaɓawa, irin su Araldite, kuma mai jinkirin kamawa, don na minti biyar bai kai mai kwana ƙarfi ba. A zafin watan Afrilu gam yana riga abin da aka rubuta a kwali kamawa, saboda haka kaɗan-kaɗan yake kwaɓawa. Ya cike kwarin, ya shimfiɗa siririn ƙyallen faiba a kai, ya sake shafawa, ya naɗe da salatif ya matse. Kafin ya ajiye, sai ya cusa wani abu zagayayye a ciki, ko da gwangwani ne, don kada ta bushe a karkace. Wasu dabarar masu gyaran bambar mota suke ara, su lanƙwasa 'yar siririyar waya kwana-kwana, su ɗora ta a gicciye kan tsagar, su danna ta da ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi har ta nutse cikin robar. Uku ko huɗu a jere, tsaga ta ɗinku. Duk facin nan ta waje ake yin sa ko da zai rage kyan gani, domin in an tashi aiki juya malfa ake yi a kifa ta kan jikin lensi a sa a jaka, kuma sararin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Faci a ciki, malfa ta ƙi kifuwa, ko ta kifu tana kankare fentin lensi.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne gindi. Malfar lensi irin su 70-200mm da 100-400mm 'yan haƙora gare ta da ke shiga kwarin bakin lensi, a juya ta kamar rubu'in zagaye, ta ce ƙyas ta zauna. Da tsufa haƙoran kan side, malfa ta dinga lilo tana zamewa. Wannan ɗan shafe ne na gam, siriri kamar fatar albasa, a bayan haƙorin, a bar shi ya bushe sarai sannan a gwada. Haƙorin da ya ɓalle ɗungurum kuwa gina shi ake yi. A huda ramuka biyu ƙanana a kututturensa, a kafa guntayen waya su zama ƙashi, a ɗora gam mai kauri a kai. Gwanin da ya daɗe a sana'a ba ya rasa zoben wani mataccen lensi a akwatinsa. Shi zai shafa wa man basilin ya mayar da shi abin zubi, don ba zai taɓa kai ɗanyen gam kusa da lensin mutane ba. Bayan kwana ɗaya sai a koma kan magagari. Ya goga sau biyu, ya hure, ya gwada, ya cire, ya sake gogawa. Ƙarar nan ta ƙyas yake nema, kuma da yatsa yake jin ta kafin kunne. In ta yi tsauri za ta cinye kwarin bakin lensi, in ta yi sako-sako za ta faɗi a tsakiyar aiki.

A nan ne ake gane wanda ya fahimci abin da yake gyarawa. Akwai masu ganin ƙwarewa ce su ɗaura wa gindin malfa zoben ƙarfe, su ce maka wannan kam har abada. Gaskiya suka faɗa, malfar ba za ta sake karyewa ba. Ranar da aka sake faɗuwa, bakin lensi ne zai ɓalle, ko bututun zum ya lanƙwashe, gyaran da sai an kwance lensi an nemo kayan canji daga waje. Gwani yana ƙarfafa jikin malfa iya son ransa, amma haƙori yana barinsa haƙorin roba.

Wasu malfunan, irin ET-87 ta Canon, suna da ɗan maɓallin kulle, bayansa kuma akwai sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wanda ya san halinsa a cikin farar leda yake kwance shi, hannu biyu a ciki, don in ya yi tsalle ya faɗo kusa. Ƙananan sukurorin kayan Japan kuma na tsarin JIS ne. Sun yi kama da na sukudireba mai kan gicciye da kowa ya sani, amma bakin ya ɗan bambanta, kuma da wanda bai dace ba ake cinye musu kai.

Sai ciki, wanda shi ne malfar ta gaskiya. Canon takan shimfiɗa wa nata masu tsada wani baƙin gashi-gashi kamar karammiski, wasu kamfanonin kuma su yi ƙananan kunyoyi marasa sheƙi, duk don hasken da ya bugi bangon ciki ya mutu a nan. Ɗigon gam ɗaya da ya ɓulla ta tsaga ya bushe yana ƙyalli ya isa ya cilla rana cikin gilashi. Gwani zai kankare shi, ya yanko baƙin karammiski ya manna, ko ya bi wurin da fenti marar sheƙi irin na allon makaranta. Baƙar tawadar alƙalamin maka ba ta yi, in haske ya buge ta wani shuɗi-shuɗi take yi tana walƙiya. A ƙasarmu akwai ƙarin aiki da littafin kamfani bai san da shi ba. Ƙurar hunturu tana shiga gashin nan ta zauna, baƙi ya koma ruwan ƙasa, malfa lafiyayya ta rage amfani mai ita bai sani ba. Burushi mai laushi da guntun salatif da ake dannawa ana ɗagawa su ne maganinta, kuma mai gyaran kirki zai yi maka wannan ko ba ka roƙa ba.

Tsawo ma ba a yi shi da ka ba. A kyamara mai cikakkiyar sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa, lensi yana ganin kusan digiri 34 daga kusurwa zuwa kusurwa a 70mm, digiri 12 a 200mm, wajen digiri 6 a 400mm. Malfar zum dole a yanka ta daidai da inda lensin ya fi gani da faɗi, in ba haka ba bakinta ya shigo hoto kusurwoyi su yi duhu. Shi ya sa ta 70-200mm take da kunnuwa, dogaye sama da ƙasa, gajeru a gefe, da gibi a saitin kusurwoyi, don hoton kansa mai kusurwa huɗu ne, milimita 36 a kwance 24 a tsaye. Canon 75-300mm, wanda masu fara sana'a ke yawan saye, bakinsa juyawa yake yi in yana neman saiti, saboda haka malfarsa, ET-60, zagayayya ce ba kunnuwa. Idan bakin kunne ya ɓalle guntun ya ɓata, gwani ba ya wahalar ƙera wani. Ya daidaita wurin da magagari, ya rage na ɗaya ɓangaren su zo ɗaya. Gajarta kaɗan ɗan inuwa kawai za ta rage, ƙarin tsawo kuwa a kowane hoto za a gan shi. Zai kuma tambaye ka wace kyamara kake ɗora lensin a kai, domin mai ƙaramar sensa irin 80D tsakiyar hoton kawai take ɗauka, tana ɓoye kuskuren da 5D za ta fallasa.

Manyan lensin nan farare da ake gani a bakin filin ƙwallo, 400mm f/2.8 da 600mm f/4, lamarinsu dabam ne. Gilashin gaban na 600mm ya kai santimita 15 a faɗi, ba shi da tiredin ɗaura filta, malfa ce kaɗai tsakaninsa da duniya. Ita kuma zura ta ake yi a ɗaure da sukuru mai kan murɗawa da hannu, kuma yawanci da zaren kabon ake yin ta don ta yi sauƙin ɗauka. Sabuwa ɗaruruwan daloli ce, don haka ba a yar da ita da wasa. Abin da ya fi lalacewa sukurun ne, ko kansa ya karye ko tiredi ya cinye saboda masu ɗaurewa kamar suna ɗaure tayar mota. Sau da yawa canza shi kawai ake yi. In jikin ne ya dare, gam da ƙyalle ne dai, amma a jiƙe ake goga shi da samfefa, nesa da kyamara, domin ƙurar kabon tana cutar da huhu kuma wutar lantarki na bi ta cikinta. Gam ɗin kulle tiredi da makanikai ke ɗigawa a noti kuwa ba ya kusantar roba, yana tsattsaga ta.

Akwai ranar da gwani zai ajiye magagari ya ce, "Yallaɓai, wannan ta gama aikinta, a nemo wata." Ko a nan ana bukatarsa. Lambar da ke jikin malfa ita ce sunanta, kuma harafi ɗaya yana raba ta da 'yar'uwarta. A wajen Canon, ET-83C ta tsohon 100-400mm ce na 1998, ET-83D ta sabon ce na 2014, mai 'yar taga a gefe da ake zura yatsa a juya filta, ET-83 II kuma ta wani 70-200mm ce dabam. Nikon na sa HB ga masu haƙora, HK ga masu zurawa a ɗaure, HN ga masu shiga tiredi, HR ga na roba mai laushi. Wanda ya yi oda da faɗin baki kawai, ya ce ai 77mm ne, zai sha mamaki. Kwafi irin na JJC suna da araha kuma da yawansu suna aiki, sai dai wani cikinsa na ƙyalli, wani haƙorinsa ya yi tsauri, aikin minti kaɗan ne a hannun wanda ya gina haƙori daga babu. Malfar ƙarfe mai shiga tiredin filta tana da kyau a ido, amma ni ba na son ta a kan dogon zum, duk bugun da ta sha tiredin take miƙa wa. Bututun famfo da wasu ke yankawa su fente baƙi ya fi ta muni, ga nauyi ga taurin kai. Gara baƙin kwali da salatif in ana tsakiyar aiki, ko ba komai in ya bugu shi zai lotse.

Yanzu kuma ga injin buga abu na 3D, wanda ya ceci tsofaffin lensin da kamfani ya daina yi wa kaya. A auna, a zana a kwamfuta, a buga. Sai dai robar da aka fi bugawa da ita, PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60 na zafi, baƙin abu kuma a cikin rufaffiyar mota da ranar Sakkwato yana iya kaiwa nan. PETG ko ABS ne suka dace da mu. Abin da injin ya fitar ma sai ya bi ta hannun mai magagari da karammiski kafin ya zama malfa.

Ko gyara aka yi ko canji, ba a miƙa wa mai kaya sai an gwada. Gwani zai fuskanci farin bango ko sararin sama, ya mayar da zum can ƙarshen da ya fi faɗi, ya tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, inda bakin malfa ke fitowa ƙarara in ya shigo, ya ɗauka a saitin nesa da na kusa, ya duba kusurwoyi. Sannan ya cire lensin daga kyamara, ya sa yaronsa ya haska tocila daga gefe, shi kuma ya leƙa ta baya yana neman duk abin da ya yi ƙyalli. Ya kifa malfar ya ga ta zauna, ya mayar da ita gaba, ya nuna bakin lensi ƙasa ya girgiza, ya ɗan mare ta da tafin hannu ta gefe. Sai ya cire ta ya ba ka a hannu dabam.

"Yallaɓai, a bar ta ta ƙara kwana a waje kafin ta shiga jaka. Kuma don Allah a daina ɗaukar lensi ta malfa."